Ƙusar Gwaggo, Abokiyar Karatuna

Ranar Talata da hantsi aka kai Gwaggo makwancinta. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu ne. Yau kwana bakwai, kuma a kwanakin nan na zauna a tabarmar makoki na saurari abin da ake faɗa a kanta har cikina ya cika. Shi ya sa na ɗauko littafi da fensir. In ban rubuta ba, abin da suka faɗa shi zai zauna.

Mata na shigowa, su yi kuka tun daga bakin ƙofa, su rungume jikarta, su nemi wuri su zauna, a miƙa musu shayi. Shayin bai huce ba ake fara magana. Wata ta ce, "Allah ya hutar da ita, tun rasuwar ɗiyarta kanta bai koma daidai ba." Wata ta ce, "Ni garwa uku ta huda min. Na yafe mata duniya da lahira." Ta faɗi haka tana waige-waige, a ga girman yafiyarta. Wata amaryar bana, wadda Hausar ma ba ta zauna a bakinta ba, ta tambaya da Larabci, "Ita ce habboban nan mai ƙusa?" Habboba, wato tsohuwa. Aka yi dariya a cikin mayafi. A rumfar maza kuma, an gaya min liman ya ce mace ce mai salla da azumi, sai dai akwai zafin kai. Ɗanta na zaune kusa da shi, kai a ƙasa.

Ni ma ana maganata, na sani. In na tashi sai muryoyi su sauka, in na dawo a yi shiru. Saboda abin da na yi ranar wankan gawa ne. Zan zo kansa. Amma ba zai fahimtu ba sai an san wace ce muka wanke.

Ba gwaggona ba ce ta jini. Kowa a ƙauyenmu haka yake kiranta. Ta girme ni da shekara ashirin da wani abu, amma ni a wurina abokiyar karatu ce. Tabarma ɗaya, littafi ɗaya, shekara uku. A hanya aka haife ta, iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Ubanta ya tsaya a garin Makwar ya yi aikin haƙa lokacin da ake tare kogi, da nufin ya samu guzuri su wuce, bai wuce ba. Ita ma ba ta wuce ba. In aka ce mata Hajja don girmamawa sai ta ce, "Ban je ba. Kar ku ba ni abin da ba nawa ba." Gahawa take sha ba sukari. Ba ta gulma, amma ba don kirki ba, don ba ta da haƙurin zama ne. In ka kawo mata labari, kalmarta ɗaya ce: "A nuna min wurin."

Duk shekara in auduga ta fara fure, jirgi kan zo ya yi ƙasa-ƙasa yana feshin maganin tsutsa. A bakin babbar tur'a, wato magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa, ake juye masa maganin daga cikin garewani, a jibge su a gefe. Mai gadi kan raba wa waɗanda ya sani. Garwa ce mai kyau, ƙarfe mai kauri, da murfi mai murɗawa, ba irin ta kananzir mai saurin tsatsa ba. Gidan da ke da biyu ana duban sa da ido. Har a kayan amarya na ga an jera ta.

Kada wani ya ce ba mu san dafi ba ne. Mun sani. Muna ganin tsuntsaye a zube bayan jirgi ya wuce, muna ganin kifi ya juya ciki sama a tur'a. Amma muna da namu sanin. An koya mana cewa kwanon da kare ya sa wa baki, a wanke shi sau bakwai, shi ke nan. Muka ce in wanki bakwai ya isa bakin kare, balle maganin tsutsa. Mu har ƙari muka yi: toka, yashin tur'a, a kife ta a rana kwana uku. Bayan nan ba wari, ba launi. Rubutun ja da ke jikinta kuwa, a wurinmu ado ne.

Shekarar da ake ta maganar sabbin gonakin Managil, ɗiyar Gwaggo, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta, ta dawo gida haihuwar fari. Ɗan Gwaggo, wanta ke nan, shi ke riƙe da hawasha, wato gonar audugar da hukuma ke ba mutum, shi ya kawo wa uwarsa garwa sabuwa fil. Ta wanke ta sau bakwai da hannunta. Ta sa aka matso mata man riɗi a garin Haj Abdalla, ta juye a ciki, ta murɗe murfin, ta ajiye wata uku. Na mai jego ne, ba wanda ya isa ya taɓa. Kwanakin farko da man kwalba aka yi. Washegarin suna aka buɗe garwar, aka zuba a abinci, aka shafe wa mai jegon jiki da shi bayan wankan zafi.

Kwana na tara da safe na ji ihu, na shiga da goyona a baya. Na same ta gumi na zuba kamar an watsa mata ruwa, yawu na dalala, jiki na fizga. Aka tare lori, ba a kai asibiti ba. Mata suka ce iskar jego ce. Wasu suka ce ta leƙa bakin tur'a da almuru.

Abin da ba wanda ya gani shi ne, da safen nan Gwaggo ta watsa wa kajinta ragowar tuwon da aka zuba wa man. Kafin a dawo da gawar, kaji huɗu sun mutu. Ta haƙa rami bayan ɗaki ta rufe su, ta naɗe garwar a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Wannan sai bayan shekaru ta gaya min.

Jaririyar ta rayu. Ni nake da nono a lokacin, ni na shayar da ita tare da nawa. Ita ce jikar da ake runguma a bakin ƙofa a kwanakin nan. Ɗiyata ce ita ma, kuma cikin fari gare ta yanzu, wata takwas.

Yarinyar na da shekara shida aka buɗe ajin manya a ƙauyenmu. Wata budurwa Balarabiya daga garin Madani ake kawowa a lori sau uku a mako, bayan la'asar, mu zauna a rumfar makarantar yara in sun tashi. Ustaza muke ce mata. Ni abin da ya kai ni, na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san me ta ce ba. Mu goma sha wani abu ne ranar farko, duk masu goyo. Sai ga Gwaggo ta shigo, da furfurarta, da tabarmarta a hammata. Aka tuntsure da dariya. Ni na fi kowa.

Na ce, "Gwaggo, makabarta ta can gabas, kin ɓata hanya."

Ta ce, "Matsa, mai baki. Nan zan zauna."

Ustaza ta tambaye ta shekararta nawa, ina aka haife ta. Ta ce, "Rubuta, bayan jaki." Littattafai ba su isa ba, aka haɗa mu biyu-biyu. Ustaza ta ce daga yau ku zamilai ne, abokan karatu. Kalmar ta yi wa Gwaggo daɗi. Daga ranar har ta bar duniya, in tana jin daɗina, "zamilata" take ce min. In ba ta ji, "ke ɗiyar nan."

Ban taɓa ganin kai mai tauri irin nata ba. Fensir take riƙewa kamar taɓarya, ta karya uku a mako guda. Idonta ya fara rauni, sai ta miƙe hannu da littafin can nesa, ni kuma ba na gani, mu yi ta ja. Baƙin Larabcin da ta sani a farkon kalma, in ya koma tsakiya sai ta ce ba shi ba ne. "Mi ya sa shi canza riga? Munafuki ne." Ni a wata biyar na gama littafin farko. Ita tana shafi na tara. Ba ta taɓa fashi ba. Lokacin tsinkar auduga, da yatsu duk sun tsattsage, muka rage mu huɗu, tana cikinsu, jini na ɓata takarda.

Da mijina ya ce in daina zuwa, wai mace mai 'ya'ya biyar me za ta yi da karatu, ita ce ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar gidanmu. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Littafinmu ɗaya ne. In ba ta je ba, ni ma ban je ba. Nan zan zauna kullum la'asar har ka gaji da gaishe ni." Kwana uku ya yi ya gaji. Duk abin da na zama daga baya, har jarrabawar da na je na zauna a Haj Abdalla da yara sa'o'in 'ya'yana, daga tabarmar nan ya fara.

A ƙarshen shekarar farko, wata ranar Juma'a da azahar, ta kira ni ɗakinta ta sa ƙyaure. Ta jawo ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta kwance. Ina ganin garwar na gane ta.

Ta ce, "Na kai wa malam. Ya duba ya ce dafi ne, kowa ya sani, in bar wa Allah. Na ba ɗana. Ya daɗe yana dubawa, ya ce sunan masu yin maganin ne kawai. Amma na ga wuyansa yana motsi. Sunan mutum ba ya cin layi huɗu."

Na karɓa. Rubutun sama na Turawa ne, ban san shi ba. Na ƙasa Larabci ne, manyan baƙaƙe, irin waɗanda ake koya mana. Na bi shi a zuci. Cewa ya yi kada a zuba abinci ko abin sha ko mai a cikinta, ko da an wanke ta. In ta ƙare, a huda ta a binne.

Ko da an wanke ta. Na karanta wurin sau uku.

Ta ce, "Mi ta ce, zamilata?"

Ni da aka sani ba na ɓoye magana, ni da na taɓa gaya wa mufattishin gona, wato mai duba gonaki na hukuma, a gaban maza cewa ruwansa bai iso layinmu ba, na dubi tsohuwar nan na kasa. Na ce, "Gaskiyar ɗanki ce, Gwaggo. Sunan magani ne da yadda ake dama shi."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ke ma?" Ta naɗe garwarta. "Kalas, shi ke nan. Ni zan karanta abata."

Na koma gida na ɗauko tawa garwar da nake zuba ruwa, na huda ta, na binne bayan garka. Ban gaya wa kowa dalili ba. In na faɗa, kafin magariba ya kai kunnenta, kuma na ɗauka tausayinta nake ji.

Maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu, a irin garwar nan take tara man shanu. Na leƙa na ce mata, "Garwar nan taki ba ta yi min ba, ki canza."

Ta ce, "Don me?"

Na ce, "Haka nan dai."

Ta yi dariya. "Taki ta ɓace shi ne tawa ta tsone miki ido? Sau bakwai na wanke ta, har da toka."

Na yi shiru. Ni, na yi shiru. Damina ta gaba 'ya'yanta biyu suka kwanta rana ɗaya, gumi, yawu, fizga. Babbar ta tashi. Ƙaramar, 'yar shekara uku, ba ta tashi ba. Aka ce zazzaɓin damina ne. Na je na yi kuka a bakin ƙofa kamar kowa, aka miƙa min shayi na sha. Washegari, da ta fita ɗiban ruwa, na tsallaka katanga na ɗauke garwar na jefa a tur'a. Ta yi kwana uku tana zagin ɓarawo.

Gwaggo ta maimaita aji sau biyu. Ni na riga na wuce, amma ina zuwa in zauna kusa da ita, don littafinmu ɗaya. A shekara ta uku, bayan an gama tsinka, ana ƙone karan auduga hayaƙi ya rufe ƙauye, ina tsakar gida ina toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi da ake yi a kan ƙarfe, sai na ga inuwa a kaina. Ita ce, da garwar a hannu, ba a naɗe a zane ba. Ta durƙusa a gabana, ta ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko, ta fara. Kalma ɗaya sai ta ja numfashi. Kisrar ta ƙone a kan ƙarfe ban ɗaga ba. Da ta kai wurin nan na "ko da an wanke ta", ta karanta shi, ta koma ta sake. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa har ƙarshe.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, don ke na yi."

Ta ce, "Ina taki garwar?"

Na ce na huda ta tuntuni.

"Yaushe?"

Na faɗa mata.

Ta juya ta dubi katangar maƙwabciyata. Ta ce, "Tawa ɗiyar, ban sani ba na ba ta. Wagga ta bayan katanga kuwa, kin sani. Kin huda taki kin bar ta mutane. Ke ɗiyar nan, mi karatun ya yi miki?"

Ba wanda ya taɓa yi min magana irin wannan. Ta tashi ta fita. Shekara guda cur ba ta amsa gaisuwata ba.

Washegarin ranar da muka yi maganar nan ta je wurin maƙeri ta sa ya yi mata ƙusa mai tsawon tafin hannu, da kai mai faɗi. Ta ɗaure ta a gefen mayafi, ta samu dutsen niƙa ƙarami. Da gidan ɗanta ta fara. Daga nan gida-gida. Ta yi sallama, ta gaisa yadda ya kamata, ta tambayi yara, sannan ta nufi inda garwa take, ta zubar da abin da ke ciki, ta kife ta, ƙwal, ƙwal, ƙwal, huda uku a gindi. In matar gida ta yi ihu sai ta ce, "Zo in karanta miki." Ba mai tsayawa. Aka fara ɓoye garewani a rumbu, a ƙarƙashin gado, a cikin buhun dawa. Tana gano su. Wata ta watsa mata ruwan wanke-wanke. Wani ya ture ta ta faɗi a kan gwiwa, tun daga nan take ɗingishi.

Aka kai ƙararta wurin shehun ƙauye. Na je na tsaya bayan zana tare da mata. Maza sun cika rumfa. Shehu ya ce, "Ya Hajja, kin girma da ɓarnar kayan mutane. Kowa na wanke abinsa sau bakwai. Kakanninmu ma haka suka yi da abin da ya fi wannan ƙazanta."

Ta ce, "Ban je hajji ba. Kuma kakanninmu ba su ga jirgi na feshi ba. A ba ni garwa ɗaya."

Aka miƙa mata ɗaya daga cikin waɗanda ta huda. Ta ɗora yatsa ta karanta musu, a hankalinta, da Larabcinta mai tsamin Hausa. Wani ya fara dariya, ba wanda ya taya shi. Da ta gama sai ta fassara. Sannan ta ce, "Ni ma sau bakwai na wanke. Da hannun nan na zuba man, da shi na shafa mata. Kajina huɗu suna rame bayan ɗakina, wanda ke so ya zo in nuna masa wurin."

Ɗanta ya miƙe ya bar rumfar. Ba ta ambaci sunansa ba, ba ta ce shi ya kawo ba, ba ta ce ya karanta ya ɓoye ba. Har ta mutu ba ta faɗa ba. Ni ce nake faɗa yanzu, kuma na faɗi nawa kafin nasa.

Shehu ya ce ma'alesh, a yi haƙuri da ita, baƙin ciki ne. Da wannan aka tashi. Kalmar nan ta fi musu sauƙi. In baƙin ciki ne, ba sai kowa ya koma gida ya dubi garwarsa ba. Wasu dai sun duba. Na san gidaje da suka daina a shiru, ba su taɓa ce mata ta yi gaskiya ba.

Yadda muka shirya da Gwaggo, ba wata magana aka yi ba. Wata safiya na fito na gan ta a bakin tur'a, inda ake jibge garewanin bayan feshi. Ta gane gara ta tare su tun ba su shiga gidaje ba. Mai gadi na tsaye yana zaginta, ita tana fama, ƙusar na zamewa. Na je na durƙusa na riƙe mata garwar. Ba ta dube ni ba. Ta buga. Muka yi ta biyu, ta uku. A ta bakwai ko ta takwas ta miƙo min dutsen ta ce, "Karɓi, zamilata, hannuna ya mutu." Shekara goma sha ɗaya muna haka duk lokacin feshi. Ni ma na samu rabona na zagi, amma sunan ita ya bi.

Ban taɓa gaya wa maƙwabciyata ba. Gwaggo ta ce min sau ɗaya, "Ki gaya mata." Na ce zan faɗa. Suka tashi suka koma Managil, na ji ta rasu a can. Wannan ma yana kaina.

Ciwon ajalin Gwaggo bai daɗe ba. Kwana biyu kafin ta cika na je da rana na same ta a gadon igiyarta, jikarta na yi mata fifita. Ta ce in karanta mata wani abu. Na ɗauko littafinmu na farko, wanda muka yi ta ja har bangonsa ya rabu. Na buɗe shafi na tara. Ta yi murmushi ta ce, "Munafukin nan yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce ni zan wanke ta. Ta dubi cikin jikarta, ta dube ni.

Ranar Talata da safe muka shiga ɗakin, ni da wata dattijuwa. Na ce a kawo ruwa. Matar ɗanta ta turo ƙyaure ta ajiye. Na juya in ɗiba. Garwar feshi ce. Sabuwa, jan rubutun ko kojewa bai yi ba. A gidan ɗanta, kwana nawa da kwanciyarta, har an fito da ita daga inda aka ɓoye.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Haba Inna, wanka ne fa, ba sha ba. Kuma an wanke ta sau bakwai."

Mayafin Gwaggo na rataye a bango, ƙusar na ɗaure a gefensa. Na kwance ta. Dutsen na ƙarƙashin gado inda yake zama. Na ɗauki garwar na fito da ita tsakar gida, tsakiyar mata, na kife ta. Ruwa ya bi ƙarƙashin tabarmi, aka tashi ana salati ana tattare zannuwa. Wata ta ce, "La ilaha, gawa na kwance!" Na ce, "Don tana kwance ne." Na ɗora ƙusar, garwar na gudu. Sai na ga hannu biyu sun riƙe min ita. Jikarta ce, ta durƙusa da tsohon cikinta. Na buga uku.

Ƙarar ta kai rumfar maza. Ɗanta ya shigo har tsakar gida, abin da namiji ba ya yi a irin wannan lokaci. Ya dubi garwar, ya dubi 'yar ƙanwarsa a durƙushe, ya dube ni. Na ɗauka zai yi faɗa, na shirya masa. Ya ɗauki tulun ƙasa a gindin randa ya fita. Mutum mai furfura, mai hawasha, ya je famfo da kansa ya ɗebo ruwa a kafaɗa, sau uku, yana ajiyewa a ƙofar ɗakin. Da wannan ruwan muka wanke ta.

Abin da ake raɗa a kaina ke nan. An ce na wulaƙanta makoki. An ce haukan ya koma kaina. To, a faɗa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata inda take kwance, ya haɗa ta da ɗiyarta a wurin da ba za ta sake neman a nuna mata komai ba. Ya yafe mata abin da ba ta sani ba. Ni kuma da na sani, ku roƙa min.

Jikarta za ta haihu wata mai zuwa in Allah ya yarda. A ɗakina za ta yi jego, na riga na gaya wa kawunta, bai musa ba. Man riɗin yana nan a cikin kwalabe, ni na wanke su, ni na san abin da ya taɓa zama a ciki. Auduga ta fara fure. Shekaranjiya na ji ƙarar jirgi ta wajen babbar tur'a. Ƙusar na gefen mayafina, amma garwa ba ta huduwa da hannu ɗaya. Wadda ta zo makokin nan ta sha shayi, in da gaske ta zo, gobe bayan sallar asuba ta same ni a bakin tur'a ta riƙe min.